Yadda Ake Shawo Kan Cutar Ƙullutun Gindi a Gonar Inabi

Cutar ƙullutun gindi tana cikin cututtukan da ke karya gonar inabi tun tana ƙarama, kuma galibi manomi ne ke shigo da ita da hannunsa ba tare da ya sani ba. Ƙwayar cutar tana zuwa ne a cikin dashen da aka saya, a ɓoye cikin jijiyoyin ruwan itacen, babu wata alama a waje. Tana iya zama haka shekara biyu ko uku, sai ranar da kurangar ta ji rauni, sannan ƙullutu ya ɓullo a wurin. Babu feshin da ke fitar da ita daga jikin itace idan ta riga ta shiga. Don haka duk aikin ya koma kan hana ta shigowa, hana kuranga jin rauni, da kuma tanadin kututturen da zai maye gurbin wanda cutar ta cinye.

Abin da ke haddasa ta

Bakteriya ce mai suna Allorhizobium vitis. A tsofaffin littattafai za ka same ta da sunan Agrobacterium vitis, sunan da aka ba ta a 1990. 'Yar'uwa ce ga Agrobacterium tumefaciens, wadda ke kama tuffa da furen wardi da wasu itatuwa masu yawa, wadda Erwin Smith da Charles Townsend suka bayyana a Amurka a 1907. Bambancinsu yana da muhimmanci ga manomi. Ta tuffa tana zaune a ƙasa, tana jiran rauni ta shiga. Ta inabi kuwa a cikin itacen take rayuwa, tana bin ruwan da ke hawa daga saiwa zuwa rassa.

Idan kuranga ta ji rauni, ƙwayoyin halittar da ke wurin sukan fitar da wasu sinadarai yayin da suke ƙoƙarin warkewa. Bakteriyar tana jin waɗannan sinadarai, sai ta cusa wani guntu na gadon halittarta cikin ƙwayar halittar itacen. Daga nan ƙwayar sai ta riƙa samar da sinadaran girma ba ƙaƙƙautawa, tana rarrabuwa ba tsari, tana kuma haɗa wani abinci na musamman da bakteriyar ke ci. Wannan shi ne ƙullutun. Abu biyu ke biyo baya. Na ɗaya, ko da an kashe bakteriyar da ke wurin, naman da aka riga aka sauya zai ci gaba da girma. Na biyu, naman ƙullutu ba shi da shiryayyun jijiyoyi, saboda haka inda ya kamata rauni ya haɗe ruwa da abinci su ci gaba da wucewa, sai hanya ta toshe.

Bakteriyar tana kuma ruɓar da wasu wurare a jikin saiwa, kuma tana rayuwa a cikin matacciyar saiwar inabi da ta rage a ƙasa na tsawon aƙalla shekara 2 bayan an tumɓuke itacen.

Mataki na farko: ka tabbatar ita ce

Ka duƙa ka duba kututture daga ƙasa zuwa kamar mita ɗaya sama, musamman mahaɗar aure, wato inda aka haɗa reshen iri da gindin da ke ɗauke da shi. A farkon lokacin girma ƙullutun yana da laushi, fari-fari ko kore-kore, yana turo ɓawo har ya tsage. Zuwa ƙarshen lokacin sai ya koma ruwan ƙasa, ya bushe, ya yi kaushi, ya riƙa marmashewa idan an murza shi. Wani lokaci dunƙule ɗaya ne babba a gindi, wani lokaci kuma ƙanana ne a jere suna bin tsagar ɓawo zuwa sama. Wannan jerin mai tsawo alama ce ta raunin sanyi.

Daga nesa ma ana iya zargi. Kurangar da ƙullutu ya shaƙe tana da gajerun rassa, ƙananan ganye da 'ya'ya kaɗan. A irin inabi mai jan 'ya'ya ganyen yakan yi ja tun kafin lokacinsa, a irin fari kuwa yakan yi rawaya. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin ƙarancin taki ko cutar bairos, su yi ta zuba taki a banza. Duk kurangar da ganyenta ya sauya launi ita kaɗai a cikin layi, ka fara duba gindinta.

Abin da ya fi rikitarwa shi ne kumburin warkewa na mahaɗar aure. Lafiyayyar mahaɗa tana ɗan kumbura, amma kumburin sumul yake, daidai yake ta kowane gefe, kuma ɓawo yana rufe shi. Ƙullutun cuta kuwa gefe guda yakan fi, fuskarsa ba daidai ba, kuma yana ƙaruwa shekara bayan shekara. Idan ka yanka shi za ka ga naman ba shi da layin itace. Ƙananan ƙulle-ƙullen da ke kan siraran saiwoyi kuma galibi aikin nematod ne, wata ƙaramar tsutsa da ke cikin ƙasa, ba wannan cuta ba. In ana son tabbaci, ɗakin gwajin cututtukan tsirrai yana iya gano ƙwayar ta hanyar gwajin PCR, wanda ke neman gadon halittar bakteriyar. Ka aika sabon ƙullutu mai laushi, domin busasshe ya cika da wasu ƙwayoyin da ke ɓata gwaji.

Duk kurangar da ka gani da cutar ka ɗaura mata tsumma ko ka shafa fenti a turkenta, ka rubuta layi da lambarta. Bayan shekara ɗaya ko biyu wannan rubutu zai nuna maka wani abu mai amfani. Idan masu cutar sun taru a kwari, sanyi ko ruwa ne ke ji musu rauni. Idan sun bazu ko'ina amma duk daga kaya ɗaya aka saye su, matsalar daga dashen take.

Mataki na biyu: dashe mai tsabta

Nan ne aka fi samun nasara ko asara, don haka ya cancanci a daɗe a kansa.

Kada ka yanki reshen shuka daga kurangar da ke da ƙullutu, ko daga maƙwabtanta a layi, ko da reshen ya yi kyau a ido. Idan saye za ka yi, ka tambayi gidan rainon dashen kai tsaye ko an gwada iyayen itatuwansu a kan wannan bakteriya. Tambayar tana da muhimmanci domin takardar shaidar lafiya da ake bayarwa sau da yawa cututtukan bairos kawai ta shafa. Dashe mafi aminci shi ne wanda asalinsa ya fito daga rainon ɗan ƙanƙanin kan toho a ɗakin gwaji, domin wannan wuri bai riga ya haɗu sosai da jijiyoyin ruwan da bakteriyar ke bi ba. Ko shi ma sai an raine shi a ƙasar da ba a taɓa noman inabi a cikinta ba, in ba haka ba ya sake kamuwa.

Idan kaya sun iso, ka kwance su ka duba ɗaya bayan ɗaya. Ka riƙe dashe a ƙasan mahaɗa, ka danna reshen sama da babban yatsa a hankali. Mahaɗa mai kyau ba ta motsi. Wadda ta buɗe, ko ta karye, ko take da tsiro mai kaushi a gefe guda, ka ware ta. Kada ka ce za ka kankare tsiron ka shuka.

Ga mai rainon dashe da kansa, akwai wankan ruwan zafi. Ana nutsar da yankakkun rassa a ruwa mai zafin digiri 50 a ma'aunin Salshiyos na tsawon minti 30. Ga yadda ake yi da inda ake kuskure.

Rassan su kasance cikin cikakken barci, wato lokacin da kuranga ta zubar da ganye ta daina girma, ido, wurin da toho ke fitowa, bai fara kumbura ba. Reshen da ya fara farkawa zafin zai kashe idonsa. Tankin ya zama babba, ruwan ya fi rassan yawa nesa ba kusa ba, domin da zarar an zuba rassa masu sanyi zafin ruwan zai sauka. Ka fara ƙidayar minti 30 ne daga lokacin da ma'aunin zafi ya dawo 50, ba daga lokacin da ka zuba su ba. A riƙa juya ruwan, ko da famfo ko da hannu, don kada wani ɓangaren tanki ya fi wani zafi, kuma a sassauta ɗaurin dami yadda ruwa zai kai tsakiya. Ma'aunin zafi biyu ya fi ɗaya, a wurare dabam-dabam, domin bambancin digiri biyu ko uku ya isa ya raba tsakanin aikin banza da dafa rassa. Da lokaci ya cika a ɗauke su a tsoma a ruwan sanyi mai tsabta kamar minti 30, sannan a shanya su a inuwa har jikinsu ya tsane. Kada a ɗaure su a leda nan take. Bayan zafin rassan suna numfashi da sauri, idan aka toshe musu iska sai su yi tsami su mutu.

Rassan da aka yi wa wannan wanka sukan ɗan yi jinkirin tohowa, wannan ba abin damuwa ba ne. Wasu iri sun fi wasu jure shi: Cabernet Sauvignon yana jurewa sosai, Pinot Noir kuwa yana da rauni, saboda haka ka fara gwadawa da 'yan kaɗan. Abin da ya wajaba a sani shi ne wankan yana rage yawan bakteriyar sosai amma ba ya kawar da ita gaba ɗaya. Taimako ne ga reshen da aka zaɓa daga lafiyayyen itace, ba hanyar wanke reshen mai cuta ba.

Mataki na uku: zaɓen iri, gindin aure da fili

Irin inabin da ake kira Vitis vinifera, wanda shi ne mafi yawan abin da ake nomawa a duniya, shi ya fi saurin kamuwa. Merlot, Chardonnay da Riesling duk suna cikin masu rauni. Irin da ke da jinin inabin dajin Amurka ta Arewa sun fi juriya. A cikin gindin aure, wato gindin da ke ɗauke da reshen iri, Riparia Gloire, Couderc 3309 da 101-14 Mgt an san su da juriya. Gindi mai juriya ba ya warkar da reshen da ya zo da cuta, amma yana rage shigowarta daga ƙasa, kuma idan kututture ya mutu saiwar tana nan da rai. Inda nematod ya yi yawa a ƙasa ka haɗa da wannan a lissafin zaɓenka, domin cizon da yake yi wa saiwa ƙofa ce.

Fili kuwa, ka guji kwari da duk wurin da ruwa ke kwanciya. Iska mai sanyi tana gangarawa ta taru a kwari kamar yadda ruwa ke yi, ita kuma ƙasa mai riƙe ruwa tana sa kuranga ta ci gaba da girma a lokacin da ya kamata ta shiga barci. Gangare mai sauƙi, ƙasa mai tsane ruwa, shi ake nema.

A wajen shuka, ka bar mahaɗar aure santimita 5 zuwa 10 a saman ƙasa. Idan ta nutse reshen sama zai fitar da saiwarsa, amfanin gindin aure ya tafi. Idan ta yi sama da yawa kuma rufe ta lokacin sanyi zai yi wuya.

Mataki na huɗu: hana rauni

A ƙasashen da ruwa ke daskarewa, sanyi ne babban mai ji wa kuranga rauni. Yana kashe ɗanyen naman da ke ƙarƙashin ɓawo, wani lokaci ba a ma ganin tsaga a waje, sai ƙullutu ya bayyana watanni bayan haka. Yawancin irin vinifera sukan fara jikkata idan sanyi ya kai kusan digiri 20 ƙasa da sifiri, amma kurangar da ba ta shirya ba tana jikkata tun kafin a kai nan, musamman idan sanyi ya faɗo kwatsam bayan kwanakin ɗumi.

Shirya kuranga yana nufin barin rassanta su ƙosa su zama itace kafin sanyi. Ka daina zuba takin naitirojin a rabin ƙarshe na lokacin girma. Ka rage ban ruwa yayin da girbi ke gabatowa, amma kada ka bar ƙasa ta bushe ƙayau. Kada ka bar kuranga ta ɗauki 'ya'ya fiye da ƙarfinta, domin wadda ta ƙare abincinta a kan 'ya'ya ba ta da ajiyar da za ta jure sanyi da ita.

Sai huɗa. Bayan ganye ya zube, kafin ƙasa ta daskare, a tara ƙasa a gindi har ta rufe mahaɗar aure da santimita 10 zuwa 15 na reshen sama. Ƙasa tana riƙe ɗumi, saboda haka ko sanyi ya kashe kututture, idanun da ke binne suna nan da rai kuma daga gare su za a samu sabon toho. Ka sake dubawa bayan ruwan sama, domin tudun yana zaizayewa. Idan hatsarin sanyi ya wuce dole ne a kwashe ƙasar. A nan ake yawan ɓarna: garma ko fartanya ta daki kututture yayin kwashewa, a samar da raunin da ake gudu. Ka tsayar da injin nesa kaɗan, ka ƙarasa na jikin gindi da hannu.

Inda babu irin wannan sanyi, raunukan da ke tayar da cutar su ne na aure, na cire idanu daga gindin aure a gidan raino, da na kayan aiki. Injin yanke ciyawa mai igiya yana yi wa ƙananan kurangu illa sosai, haka ma bakin fartanya. Ka sa wa sabon dashe bututun kariya, ka cire ciyawar da ke jikin gindi da hannu. Ka duba igiya ko wayar da aka ɗaure kututture da ita, ka sassauta kafin ta nutse a ɓawo. Tohon gindi da ba a buƙata, a cire shi tun yana ɗanye, lokacin da yatsa ke iya karya shi. Idan ya zama itace sai an sa almakashi, raunin kuma ya fi girma.

Mataki na biyar: kututture fiye da ɗaya

Wannan dabara ita ce ke ceton gona inda aka san cutar tana nan. Maimakon kututture ɗaya, a raini biyu daga gindi guda, a wuraren sanyi mai tsanani ma har uku ko fiye, masu shekaru dabam-dabam. Ba kasafai ƙullutu ke shaƙe su duka a shekara ɗaya ba. Kowace shekara ka bar toho ɗaya ko biyu da suka fito daga ƙasa-ƙasa, ka ɗaure su a tsaye a jikin turke.

Ka tabbata tohon daga saman mahaɗar aure ya fito. Wanda ya fito daga ƙasanta na gindin aure ne, ganyensa ma daban yake, kuma ba zai ba ka inabin da ka shuka ba.

Idan ƙullutu ya riga ya fito

Hukuncin ya danganta da shekarun kurangar da wurin da ƙullutun yake.

Dashe mai shekara ɗaya ko biyu da ƙullutu ya kama mahaɗarsa, a tumɓuke shi. Ba zai yi ƙarfi ba, kuma gara a cire shi tun saiwarsa ba ta bazu ba.

Babbar kuranga mai ƙullutu a gefe guda, wadda ganyenta da 'ya'yanta ke da kyau, ana iya barinta ta ci gaba da bayarwa yayin da ake rainon sabon toho a gefenta. Idan ƙullutun ya zagaye fiye da rabin kututturen, ko rassan sama sun fara raguwa, lokacin sauyi ya yi. A lokacin barci, a ranar da babu ruwan sama, ka yanke kututturen kamar santimita 10 a ƙasan ƙullutu mafi ƙasa, ka duba fuskar yankan. In ka ga duhu ko naman da ba shi da tsari, ka ƙara sauka. Sabon tohon yakan kai wayar da ake ɗaura rassa a kanta a shekarar farko, ya fara ba da 'ya'ya a ta biyu, domin saiwar babba ce. Shi ma yana ɗauke da bakteriyar, don haka kariyar da aka bayyana a sama ta shafe shi.

Idan ƙullutun ya zagaye mahaɗar aure kanta, babu wurin da lafiyayyen toho zai fito. A tumɓuke.

Duk abin da aka yanke a fitar da shi daga gona, a ƙone ko a kai shi nesa. Kada a daddatse shi a watsa tsakanin layuka, kada kuma a sa shi cikin takin gargajiya.

Kayan aiki a tsabtace su tsakanin kuranga da kuranga idan ana aiki a kan masu cutar. Sipirit mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari ya wadatar, ko bilic na gida kashi 1 a ruwa kashi 9. A fara goge datti da danƙo daga bakin almakashi, domin maganin ba ya ratsa su, sannan a bar shi cikin ruwan kamar minti ɗaya. Almakashi biyu suna sauƙaƙa aikin: ɗaya a hannu, ɗaya a jiƙe. Bilic yana cin ƙarfe kuma yana rasa ƙarfi, saboda haka a haɗa sabo kullum, a wanke kayan da yamma a shafa musu mai. Ka fara aiki da lafiyayyun layuka, ka ƙare da masu cutar. Wuƙar aure ita ta fi kowane kayan aiki buƙatar wannan tsabta, domin tana yanka daidai wurin da ƙullutu ke son fitowa.

Magunguna

Feshin jan ƙarfe da sauran magungunan kashe bakteriya ba sa kaiwa cikin jijiyoyin itace. Akwai maganin shafawa mai suna Gallex, wanda ke busar da naman ƙullutu idan an shafa shi a kansa bisa umarnin da ke jikin gwangwanin. Yana iya rage ƙullutun da ke nan, amma wani yana iya fitowa a wani wuri.

A yi hattara da maganin halitta na K84 da K1026, waɗanda ake tsoma saiwar dashe a cikinsu. Suna aiki sosai a kan wasu itatuwan 'ya'ya da furen wardi, amma ba sa aiki a kan bakteriyar inabi. Masu bincike sun gwada wasu nau'o'in marasa cutarwa domin inabi, kamar F2/5 daga Afirka ta Kudu da ARK-1 daga Japan, kuma sun rage fitowar ƙullutu a gwaje-gwaje. Su ma rigakafi ne da ake sawa kafin rauni ya kamu, ba su warkar da itacen da ya riga ya kamu.

Sake shuka a wurin da aka tumɓuke

Idan kuranga ɗaya ce a tsakiyar layi, ka haƙa rami mai faɗi ka tsince saiwa gwargwadon iko, ka fitar da ƙasar da ke kewaye da gindin, ka cike da wadda ba ta taɓa ɗaukar inabi ba, sannan ka sa dashe mai gindin aure mai juriya.

Idan fili ne gaba ɗaya, ka tumɓuke lokacin da ƙasa ke da ɗan danshi, domin a busasshiyar ƙasa saiwa tana tsinkewa ta rage a ciki. Ka yi huɗa mai zurfi, ka bi ka tsince, ka sake yi. Turara ƙasa da maganin gas ba ya magance matsalar, domin bakteriyar tana cikin naman saiwa inda gas ba ya isa. Abin da ke kashe ta shi ne ruɓewar saiwar. Ka hutar da filin daga inabi aƙalla shekara 2, idan itatuwan tsofaffi ne masu kaurin saiwa ka ƙara, ka shuka hatsi ko ciyawa a wannan lokaci tunda cutar ba ta kama su. Duk tohon inabi da ya fito daga ragowar saiwa ka cire shi nan da nan, domin muddin saiwa tana da rai ba za ta ruɓe ba, kuma ƙidayar shekarun ba ta fara ba. Kafin ka dawo da inabi, ka haƙa ramuka a wurare da dama ka duba: in har kana cin karo da saiwa mai tauri da ba ta marmashe ba, ka ƙara shekara ɗaya.